Tayar kyamara da damunar Ibadan

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, musamman masu riƙe da kyamara suna neman na garin kwaki da ita. Rubutun nan zai yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai ya samu waifai. A watan nan kaɗai mutum uku suka yi min magana a kan matsala iri ɗaya, ɗaya daga Ife, ɗaya daga Benin, ɗaya kuma nan Ibadan, na kuma gaji da maimaita bayani a saƙon murya. Matsalar ita ce 'yar tayar nan ta saman kyamara, wadda ake murzawa da ɗan yatsa a canja saurin shota ko faɗin ƙofar haske. Masu sana'a suna ce mata dayal, ni dai taya nake ce mata. Ka murza gaba, lamba ta koma baya. Ka murza sau ɗaya, ta tsallake uku. Wani lokaci ka yi ta murzawa ta yi kunnen uwar shegu da kai, kana sakinta kuma ta motsa.

Wanda ba ya harkar zai ce to mene ne a ciki, ai ba allo ne ya fashe ba. Bari in faɗa muku mene ne a ciki.

Kyamarata tokumbo ce. Yayana ne ya zaɓo ta a Kano, amma kuɗin na adashen Umma ne, ta ɗauki kwasarta guda ta ce a saya min abin da zan riƙa juyawa, tunda ta san abin da za su iya turo min a wata ba zai kai ni tsakiyar wata ba. Da ita nake biyan kuɗin ɗaki, da ita nake sayen takardun lacca, da ita nake shiga motar gida in an yi hutu. Ranar rantsar da sababbin ɗalibai, ranar da 'yan ajin ƙarshe suke sa fararen riguna ana yi musu rubutu da maka, walimar sauka, suna da biki a Sabo da Sasa da Ojoo, nan ne kasuwata. 'Yan ajinmu Yarbawa "aboki mai foto" suke kirana, tun ina ɗaure fuska har na gane sunan talla yake min kyauta, don duk wanda ya tambayi mai hoto a sashenmu wajena ake turo shi.

To a irin wannan aikin lamba ɗaya tana iya cinye maka suna. Ku ɗauki ango Bahaushe, baƙi wuluk, cikin farar shadda mai sheƙi, da rana tsaka. Haske ya ɗan ƙaru, shaddar ta ƙone, aikin wuyan da ya kashe wa kuɗi ya ɓace, ya zama farin takarda. Haske ya ɗan ragu, fuskarsa ta nutse. Tsakanin waɗannan biyun ɗan siririn wuri ne, kuma tayar nan ce take tsayar da kai a kansa. In ta zame da kanta ta kai shota 1/30, duk wanda ya motsa hannu ya zama hayaƙi. In ta haura sama da 1/200 ko 1/250 kana aiki da irin arhar filashin nan da yawancinmu muke da su, sai ka ga baƙin layi ya yanke rabin hoto. Kuma ba a sake ɗaura aure don mai hoto ya gyara saiti.

Tawa ta fara ne a damunar bara, wajen watan Yuli. Ku da kuke nan kun san yadda ake ciki. Ruwa tun Afrilu, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo har Oktoba. Ka shanya riga kwana biyu ba ta bushe ba, takalmin fata ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado, ashana ta ƙi kamawa, kilishin da Umma ta ɗauro maka ya yi laushi kamar ganda. Mu a gida ƙura muka sani. Duk dabarun da na taho da su na ƙura ne: tsumma, buroshi, leda. Kyamarar ta sha hunturun Kano ba ta taɓa yin tari ba, sai ga shi iska mai laima ta kayar da ita.

Ranar Laraba na tabbatar abin ya wuce wasa, ranar Asabar kuma ina da bikin 'yar wani Alhaji a Sabo. Kuɗin kafin alƙalami na riga na karɓa, na riga na zuba a kuɗin ɗaki, ko da zan so in mayar babu. Kuma Sabo ba wurin da za ka ɓata aiki ka sulale ba ne. Unguwa ce da Hausawa suke zaune tun wajen 1916, kowa ya san kowa, labari daga Mokola yana isa Sasa kafin la'asar. Ka ɓata biki ɗaya, ka rasa goma.

Shawarwari kuwa na sha su a ɗaki. Wani ya ce in fesa mata man nan na gwangwani da ake kwance noti mai tsatsa da shi. Wani ya ce in binne ta a buhun shinkafa. Wani ɗan Zamfara ya rantse aljanun dajin bayan masauki ne, in kai ta a yi mata ruƙiyya. Na ce masa in aljanu ne to sun iya lissafi, don a tsakanin 1/100 da 1/200 kawai suke zama.

Wannan maganar ta wasa ita ce farkon bincike na gaskiya, kuma nan nake so ku fi mayar da hankali. Kafin ka zargi taya, ka fara tabbatarwa ita ce. Abubuwa da yawa suna kwaikwayon lalacewarta. Wasu kyamarorin suna da ɗan makulli da yake hana taya aiki, jaka tana iya tura shi ba ka sani ba. A cikin menu akwai wurin juya alƙiblarta, in ka ba wani aro ya taɓa, sai ka ga gaba ya zama baya, amma fa kullum baya, ba yau gaba gobe baya ba. Akwai wurin da ake zaɓar ko lamba ta riƙa tafiya kashi ɗaya bisa uku ko rabi-rabi, wanda ya saba da ɗaya zai ɗauka tsallake take yi a ɗayan. In ISO yana kan otomatik, ko kana kan P ko A, kyamara da kanta take canja lambobi duk lokacin da ka ɗan juya ta wajen taga, wannan ba ciwo ba ne, aikinta ke nan. In kana da ƙarin mariƙin batir na ƙasa, shi ma yana da tasa tayar, kuma yana iya zama shi ne mai laifin. In lambar ƙofar haske ce kaɗai take rawa ko ɓacewa, cire gilashi ka goge 'yan zinaren haƙoran da ke haɗa shi da jikin kyamara, ka gwada wani gilashin in kana da shi.

Duk na bi waɗannan. Na cire batir da kati na bar ta ta huta, na mayar da saiti yadda ya zo daga kamfani, na cire duk abin da yake ciruwa. Sannan na yi gwajin da kowa zai iya yi a kan katifarsa. Ka sa ta a M, ka kashe ISO na otomatik, ka tsayar da shota a 1/60. In kana kan kashi ɗaya bisa uku, jerin haka yake: 1/80, 1/100, 1/125, 1/160, 1/200, 1/250, 1/320, 1/400, 1/500. Ƙas tara ke nan. Ka murza a hankali kana ƙirgawa, ƙas tara dole su kai ka 1/500, tara na dawowa dole su ajiye ka a 1/60. Na yi sau goma ina rubutawa a bayan littafin lacca. Sau biyu kawai na isa inda ya kamata. Da sauri-sauri kuma abin ya fi muni. Na shiga menu na murza, nan ma tsalle take. Na shiga duba hotuna, ta tsallake uku ta dawo ɗaya. Tayar baya kuwa lafiya lau, goma bisa goma. In ciwo ya bi taya ɗaya duk inda ta je, ya ƙyale ɗayar, to ba saiti ba ne, ba gilashi ba ne, ita ce.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne komawa bayan. Ƙin motsi na gane, datti ya tare. Amma ta yaya datti zai sa abu ya yi kishiyar abin da ka ce? Wani abokina da yake karanta injiniyan lantarki ne ya zana min a takarda, ni kuma ga yadda na fahimta da Hausar gida. A ƙarƙashin tayar akwai ɗan faifai mai layukan ƙarfe, da 'yan siraran yatsun ƙarfe da suke gogarsa. Hanya biyu ce take kai labari ga ƙwaƙwalwar kyamara, kuma an jera su yadda ɗaya take riga ɗaya taɓawa da ɗan kaɗan. Ku ɗauka gidan gargajiya ne mai zaure da shigifa, an ajiye yaro a kowanne. In yaron zaure ya fara cewa ga mutum, sannan na shigifa ya faɗa, maigida ya san shigowa ake. In na shigifa ya riga, fita ake. Maigidan ba ya ganin kowa, jerin muryoyin kawai yake ji. To yanzu yaron zaure ya fara gyangyaɗi. Baƙo ya wuce shi bai ankara ba, na shigifa ya yi magana, sannan na zaure ya farka a firgice ya yi ihu, wataƙila ma sau uku. Me maigida zai rubuta? Wani ya fita, ko mutum uku sun shigo. Haka kyamara take yi in tsatsa ko maiƙo ya hau ƙarfen nan. Ƙas ɗin da kake ji a yatsa kuwa wani ɗan sifirin ne dabam, babu ruwansa da wuta, shi ya sa tayar take ƙara daidai a hannu alhali ƙarya take kai wa ciki.

Da na gane haka sai magani na farko ya zama mai ma'ana. Ka kashe kyamara, ka cire batir, ka yi ta murza tayar gaba da baya da ɗan sauri, sau hamsin, sau ɗari, har yatsa ya yi zafi. Yatsun ƙarfen da kansu suke kankare abin da ya hau faifan. Sannan ka kifa kyamarar ka hura gefen tayar da robar hura iskar nan ta masu hoto. Kada ka hura da baki, don Allah, tururin bakinka ruwa ne, ruwa kuma shi ya kawo mu nan. Bayan na yi haka gwajina ya tashi daga biyu zuwa bakwai bisa goma. Ga mai ɗaukar hoton abokai wannan ya isa. Ga mai zuwa bikin 'yar Alhaji, uku bisa goma ɗin nan sun ishe shi kunya.

Ban yarda na zuba mata komai ba kwana biyu kafin aiki. Abin da na yi shi ne na shiga menu na musanya aikin tayoyin, shota ta koma ta baya mai lafiya, ƙofar haske ta dawo ta gaba mara lafiya. Na tsayar da ita a f/5.6, na samo baƙin salatif na masu wayarin na manne ta ɗam yadda ko yatsana ya manta ya kai can ba za ta motsa ba. In ina son canja ƙofar haske sai in bi ta allo da maɓallan kibiya. Masu taya ɗaya tak, ku ma kuna da mafita: yawancin kyamarori suna barin ka canja lambobin daga allon baya, wasu ma ta manhajar waya in suna da waifai. Yana da jinkiri, amma jinkirin da ka sani ya fi saurin da zai yaudare ka.

Haka na yi bikin. Daga ɗaurin aure har kamu ina ɗauka ina leƙa allo kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Wata gwaggon amarya ta hango salatif ɗin ta ce, "Kai yaro, wannan abin naka da bandeji zai fitar da mu kuwa?" Na ce, "Hajiya, kaciya aka yi masa, ya kusa warkewa." Ta yi dariya har ta kira ƙawayenta in ɗauke su, kuma daga cikinsu na samu aikin suna na wata mai zuwa. Hotuna sun fita. Shaddar ango da aikinta, lallen amarya, har kwalliyar kwanukan jere.

Sai bayan na miƙa aiki na karɓi cikon kuɗina na gwada mataki na biyu. Akwai sifirit ɗin da masu gyaran waya suke wanke allon ciki da shi, isofurofil, mai ƙarfin kashi 99. Shi ake nema, don yana bushewa da wuri bai bar komai ba. Sifirit ɗin kemis na wanke ciwo yawanci da ruwa a cikinsa, wani har da kala. Man gwangwanin kwance noti kuwa maiƙo yake bari, ya tara ƙura, ya bi roba ya shiga inda ba a aike shi ba. Batir a waje, kyamara a karkace yadda ruwan ba zai gangara wajen madubin leƙawa ko ƙaramin allon sama ba, ɗigo ɗaya ko biyu da tsinken sakace a gefen tayar, murza, murza, murza, sannan ka bar ta ta kwana. Ɗigo na ce, ba wanka ba. Kuma ku sani akwai kasada, yana iya narkar da man da kamfani ya sa wa sifirin, ko ya kwashi datti ya kai shi ciki. In kyamararka sabuwa ce da garanti, kada ma ka fara, mayar musu. Tawa ta ba ni goma bisa goma, ta riƙe kusan wata biyu, sannan a hankali tsallen ya fara leƙowa.

Nan na san buɗewa ta kama, nan kuma na ja birki, kuma ina roƙon ku ku ja. Na san akwai masu ƙarfin hali a cikinmu, waɗanda suka saba kwance waya da rediyo tun suna firamare. Kyamara mai filashi a ka tana da kafasita da take riƙe wuta wajen bolt 300, kuma tana iya riƙe ta ko an cire batir. Tana kusa da inda za ka sa hannu. Ga wasu siraran wayoyi masu kama da ledar alewa da suke haɗa murfin sama da ciki, ka ja da ƙarfi kaɗan sun yage, ka tashi daga matsalar taya ka koma matsalar gawa. Notinanta ma ba kowace sukundireba take zama a kansu daidai ba, kan ya cinye ka rasa yadda za ka yi.

Wani mai gyara da na fara zuwa wajensa a cikin gari ko kunna ta bai yi ba ya ce allon ciki ne gaba ɗaya, ya faɗi kuɗin da ya kai rabin abin da aka sayi kyamarar. Na nuna masa ƙirgen da na rubuta, na ce in allo ne me ya sa tayar baya take lafiya? Ya ce in na iya in je in gyara da kaina. Na yi masa godiya na ɗauki kayata. Amfanin gwajin nan ke nan ko da ba kai za ka gyara ba, kana shiga shago ka san abin da ya kawo ka.

Da aka yi hutun tsakiyar zango na hau jirgin ƙasa daga Moniya zuwa Legas, na shiga Computer Village a Ikeja da kwatancen wani mai hoto ɗan Agege. Wani dattijo Bayarabe na samu a wani ɗan lungu a bene, ashe ya yi shekaru a Sabon Garin Kano, Hausarsa har da karin magana. Na ce, "Baba, taya ce." Ya ce, "Ɗana, bari mu ji daga bakinta." Ya yi irin ƙirgen da na yi, ya gyaɗa kai, ya buɗe a gabana. Abu na farko da ya yi shi ne sauke wutar kafasitar nan. Da ya ɗago faifan ya sa min a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, sai ga wani baƙi-baƙin kore-kore ya kwanta a kan layukan, kamar ƙasan tsohuwar tukunyar tagulla. Ya ce ƙurar da ta shiga tun a Arewa tana nan kwance ba ta cutar da kowa, da ta samu laima da gishirin gumi sai ta zama kunu. Ɗaya daga cikin yatsun ƙarfen kuma ya saki, ba ya danna faifan sosai, shi ya sa sifirit ya taimaka amma bai warkar ba. Ya wanke, ya ɗan lanƙwasa yatsan da hantsaki, ya sa sabon mai a wurin sifirin kaɗai, ya rufe. Bai kai awa biyu ba, kuɗin kuma bai kai kashi ɗaya bisa biyar na abin da wancan ya nema ba. Ya ce in ta sake, sai dai a ciro taya daga jikin wata matacciyar kyamara irinta, yana da su a kwali.

Shi ne ya tambaye ni inda nake ajiye ta, ya kuma ba ni tsarin da nake bi yanzu. Robar abinci babba mai murfin da yake kamawa gam, da silika jel a ciki, irin 'yan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, amma gara ka sayi mai canja kala don ka san lokacin da ya ƙoshi da ruwa ka gasa shi ya dawo. In ka samu ɗan agogon auna laima ka jefa ciki, ana son ya zauna tsakanin 40 da 50. Jakar kyamara ta tafiya ce, ba ta ajiya ba, soson cikinta yana shan laima ya riƙe. Wannan robar har gilashi take tsarewa daga fumfuna, wanda shi in ya yi saƙarsa a ciki ya fi ciwon taya tsada nesa ba kusa ba. Shinkafa kuwa ku dafa abarku, ƙura da gari kawai take ƙarawa.

Sai abu biyu da ba a cika faɗa ba. In ka yi aiki a zauren taro mai sanyin na'ura ka fito waje, kyamarar tana yin raɓa kamar kwalbar lemo, waje da ciki. Ka sa ta a jaka ka zuge kafin ka fito, ka ba ta minti ashirin. Na biyu, hannu. Mu da ake cika mana faranti a wajen biki, ga tsire ga man ja, ɗan yatsan da ya ɗauki nama shi ne dai yake komawa kan taya. Ina yawo da ɗan tawul a aljihun baya yanzu saboda wannan. Kuma in za a yi dogon zama, irin yajin aikin 2022 da ya ci wata takwas, kada ka kulle ta a loka a nan ka tafi gida. Ka tafi da ita, ko a gida ma ka riƙa ciro ta duk mako kana murza tayoyin.

Masu shirin sayen tokumbo kafin rantsar da sababbin ɗalibai, ku yi gwajin ƙas tara ɗin nan a gaban mai shago, kowace taya, a hankali sannan da sauri, sau biyar aƙalla. In ya fara cewa ai haka suke duka, ko yana hanzarin karɓe ta daga hannunka, ka duba ta gaba. Wanda kuma yake nan Ibadan tasa ta riga ta fara, ina da robar hura iska da ragowar sifirit da salatif, ya same ni a masallacin makaranta bayan sallar Juma'a, ya taho da batir a cike da takardar da zai rubuta ƙirge.